Canjin butalin gaz a tsakiyar gulbi

Muna tsakiyar gulbi, mun baro Tillaberi cikin jirgin ruwa za mu sunan jikar yayata, sai gaz ɗin matar mai jirgi ya ƙare, shinkafa ko nuna ba ta yi ba.

Ni 'yar Filinge ce, ruwan rijiya kaɗai na sani. Tun da munka shiga jirgin nake ƙanƙame da katako ina salati.

Mai jirgi ya ɗaura sabon butali, sai wari ya tashi. Ga jarkokin man fetur a gefe, ga wani dattijo ya ciro ashana zai kunna taba.

Ban san sadda na miƙe ba. Na ce, "Baba, don Allah aje ashanar nan." Na rufe butalin, na kwance kan, ashe robar ce ta karkace. Na daidaita ta, na ɗaure, na shafa ruwan sabulu, kumfa bai taso ba.

Mai jirgi ya ce, "Hajiya, ba ke ce mai tsoron ruwa ba?"

Na ce, "Har yanzu ina tsoronshi. Amma na daɗe ina tuyar ƙosai da gaz, nan kam fagena ne."

Da shinkafa ta nuna, ni anka ba babban kifin.

Ku fa, a ina sana'arku ta taɓa yi muku rana ba zato?