Ranar da Na Kai Akwatina Mai Juyawa Kwali

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da maigidana da wani akwati da muka naɗe cikin bargo biyu. Masu bibiyata sun san shi, don wata takwas ke nan ina damun ku da hotunansa. Siffarsa kamar ƙwayar lido, sai dai ya kai girman ƙaramin firji. Gefensa huɗu kowane da allo, kowane allo da manhajarsa, duk ƙaramar kwamfuta ɗaya ke tafiyar da su, a ƙasa kuma akwai inji mai juya shi a hankali. Wata ƙungiyar mata masu ginin tukwane a Kwali ce ta ce in kawo su gani. In ya yi musu, zai zauna a ɗakin da suke baje kayansu ga baƙi. In bai yi ba, zai koma kusurwar ɗakina inda duk abin da na taɓa ƙerawa yake kwance.

A littattafan da na taso ina karantawa, in za a yi tafiya irin wannan, miji kan riƙe hannun matarsa yana raɗa mata kalamai. Nawa tun kafin Kateri ya yi barci, bakinsa a buɗe. Ni kuwa na rungume akwatin, duk ramin da direba ya faɗa sai na ji shi a haƙarƙarina. A Tafa muka sayi ƙosai da ya sha sanyi, da ruwan gora wanda farashinsa ya sa na sake kallon mai sayarwar. Da Dutsen Zuma ya bayyana na so in ji wani abu a zuciyata, amma bayana ne kawai ke ciwo.

Kuskurenmu na farko, ba mu sauka a Zuba ba. Muka bi mota har Utako, sai ga shi an ce mana mun wuce hanyar Kwali tun tuni. Tashar ta cika da hayaƙi da ihun masu lodi. Wani direba ya ɗaga bargon ya leƙa.

"Oga, wannan talabijin ne ko firji?"

"Tambayi injiniya," in ji maigidana, yana nuna ni da haɓa.

Sai da muka saya wa akwatin kujerarsa a motar Kwali. Muka ratsa Lugbe cikin cunkoso, muka wuce Gwagwalada rana na dukan gilashi, daga nan gonakin doya da dawa suka fara buɗewa. Azahar ta gota muka isa.

Mata kusan ashirin muka tarar a ƙarƙashin rumfar kwano, tukwane jere a bayansu, baƙaƙe masu zanen kifi da ƙadangare. Suka ba mu sakwara da miyar agushi, na ci loma uku na kasa. Na kunna akwatin. Fuska ta farko ta kawo hotunan tukwane, ta biyu bidiyon hannaye suna murza yumɓu, ta uku taswirar ƙauyukan da ake ɗebo ƙasar, ta huɗu kuma wurin da baƙo zai taɓa ya zaɓi tukunyar da yake so. Da ya fara juyawa, hasken ya riƙa zamewa a kan fuskokinsu, na ce a raina yau ce ranar da nake mafarki.

Ba a yi minti biyar ba abin ya lalace mini. Wata ta hango tukunyarta ta ce, "Ga nawa!" Kafin 'yar'uwarta ta juyo, taswira ce a gabansu. Wata ta miƙa yatsa za ta taɓa allo, allon ya tsere mata. Shugabar ƙungiyar, wadda ta gayyace ni, ta dafe goshi.

"Madam, abin yana da kyau, amma jiri yake sa ni. Baƙo ba zai tsaya yana tsere da hoto ba."

Na rage gudun har ƙarshe. Duk da haka bidiyon ba ya kai rabi sai ya bar mai kallo. Na ga sun fara komawa wurin zamansu ɗaya bayan ɗaya, maigidana kuma ya soma ninke bargo, wai don ya rage mini aiki.

Wata tsohuwa daga cikinsu ta kama hannuna. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Yarinya, zo ka gani."

Ta kai ni bayan rumfar, inda wata tukunya ɗanya ke zaune a kan gindin turmi. Ta sunkuya, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, ta fara zagaya ta da baya da baya, yumɓun yana tashi a tsakanin yatsunta. Tukunyar ko motsi ba ta yi ba.

"Shekara hamsin ni ne nake zagayawa," in ji ta. "Naka me ya sa shi ba ya zama? Mu ba mu da ƙafa ne?"

"Mama, juyawar ce kyansa," na ce.

"Kashe shi mu gani."

Injin nan shi ya ci mini wata biyar cikin takwas. Na koma na zare wayarsa, akwatin ya tsaya cak, manhajojin huɗu suna ta aikinsu. Tsohuwar ta fara zagaya shi, da baya ma don sabo, sauran suka biyo ta suna dariya. Mai neman tukunyarta ta tsaya a gabanta har ta ƙoshi. Shugabar ta taɓa allo, ya amsa mata. Ta ce a kawo teburi a sa shi a tsakiyar ɗaki, kada a jingina shi da bango.

Mun kwana a Gwagwalada, washegari muka hau mota a Zuba kamar masu hankali. Maigidana ya sake yin barci, wannan karon kansa a kafaɗata, na kuma karɓi hakan a matsayin rabona na kalaman soyayya. Mun iso Kaduna da la'asar, ƙafafuna a kumbure.

Abin da na koyo shi ne, wata takwas ina tunanin yadda akwatin zai burge ido, ban taɓa tambayar yadda masu shi suke kallon abu ba. Akwatin yana Kwali, mata suna zagaya shi. Injin kuma na dawo da shi cikin leda a kan cinyata, ga shi can a kusurwar ɗaki.