Abin da Na Kankare da Reza

Shekara ashirin ina gyaran rediyo a kasuwar Illela kafin wayar shafawa ta zo ta kashe mana sana'a. Aji uku na yi a sakandare. Abin da hannuna ya sani shi ne fetur da tsohon buroshi: in kaya ya ƙi, ka buɗe, ka wanke.

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, wani dattijon Bafulatani ya tsaya a rumfata yana haki. An riƙe masa saniya a kara. Wani mahauci ya rantse tasa ce da aka sace, dattawan kara kuma sun ce in ba shaida kafin la'asar, za su miƙa masa ita. Shaidar tana cikin waya: hoton saniyar tun tana maraƙa, da tsagar kunnenta, a rugarsa wajen Araba.

Ya miƙo mini wayar. "Mai gyara, gefe guda ne ba ya jin yatsa. Na kasa buɗe ta."

"Zauna, Baffa. Datti ne."

Na ɓamɓare gilashin. Ta ciki na ga wani dishi-dishi mai shuɗi in haske ya doke shi. Na sa fetur, bai fita ba. Na ɗauko reza na kankare tas, na mayar. Fuskar ta kawo haske, fes. Na shafa, shiru. Na danna inda ɗazu ke aiki, shiru.

"Mi ya faru?" in ji dattijon.

Na sake ɓamɓare gilashin. Na ruga wurin wani mutumin Ƙonni mai sayar da kayan waya. Ya ɗaga gilashin, ya riƙe baki.

"Maigida, mi ka yi haka? Wanga shafe ne. Ido na wuce shi, amma wuta na bin sa. Shi ke jin yatsa. Ka yanke jijiya kana neman datti!"

Irin gilashin kuma sai an aiko daga Sakkwato.

A makaranta ce mana aka yi gilashi ba ya ɗaukar wuta. Har a jarrabawa na ci tambayar. Da aka sauya, ba ɗan banzan da ya zo ya gaya mini.

Ina dawowa aka kira la'asar. Na faɗa wa dattijon gaskiya. Bai zage ni ba. Ya karɓi wayarsa ya nufi kara, na bi shi kamar ɓarawo. Na yi wa dattawan bayani, babbansu ya dube ni.

"Kai ka ga hoton da idonka? Za ka rantse?"

Bafulatanin ya juyo yana kallona.

"Ban gani ba," na ce.

Mahaucin ya ja igiya.