Ranar da Kawu ya jera mini jami'o'i

A gidanmu na unguwar Ƙuba a Madina ba a neman jami'a a ɓoye. Shekarar da na gama sakandare, Kawu, yayan mahaifiyata da ya riƙe mu tun rasuwar Baba, ya tara mu a falo ya buɗe kwamfuta. Fom ɗin na bai-ɗaya ne: ka cike sau ɗaya, ka jera makarantun da kake so daga sama zuwa ƙasa. Sauƙi ne, in kai ke jerawa.

Lambar wayarsa ya sa, don haka duk saƙon shiga wurinsa yake zuwa. Ya cika saman da duk abin da ake karantawa a Madina, har da fannonin da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ni kuwa ilimin teku nake so, tun wata tafiya da aka kai mu garin Yanbu na bakin teku ina ƙarama. Da na faɗa, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya binti, 'yata, kakanninki da ƙafa suka zo garin nan," in ji Kawu. "Ke za ki bar shi saboda kifi? Khalas, an gama."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na danne, don mai hannu a bakin kura ba ya zaginta. Washegari na nemo wata kwaleji a bakin teku mai nata fom daban. Wahala gare shi: takardu, shaidar malamai, da shafi guda kan dalilin da ya sa nake son fannin. Wannan shafin ya fi komai yi mini daɗi, domin ba a taɓa tambayata ba. Na sa lambata, na gaya wa Umma tun kafin in tura. Ba ta hana ni ba.

Da suka ɗauke ni, da kaina na kai wa Kawu labari, na durƙusa kamar kullum. Ya dube ni ya ce:

"In ajali ya same ki a can, ba a Baƙi'a za a binne ki kusa da ubanki ba."

Maganar ta soke ni, har yau ina jin ta. Na ce, "Kawu, karatu za ni. In kuma can ne kwanana ya ƙare, ka yi mini addu'a daga nan."

Bai raka ni tashar jirgin ƙasa ba. Ni ma ban jira shi ba.