Jirgina a Sunan Ɗan Maƙwabci

A shekarar da aka fara kwasar samarin garin Bahiya zuwa yaƙin kudu, a nan hukuma ta ɗauke mini jirgi. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai filafilai, yana kawo rogo da gawayi daga ƙetaren ruwa. Da gumina na dako na saye shi bayan na fanshi kaina daga bauta, kuma abin da yake kawowa nake tarawa don in biya kuɗin ƙetara teku zuwa Ikko, daga can in nemi hanyar gida.

To, wanda aka haifa a ƙasarmu aka kawo shi bauta ba a yarda ya riƙe jirgi a tashar nan ba. Saboda haka na sa shi da sunan ɗan maƙwabcina, wani Bayarabe, don yaron haifaffen nan ne. Muka yi Fatiha gaban dattawa uku, na rubuta da ajami na ajiye. A wurinmu magana ta ƙare ke nan.

Sojoji suka ɗora wa jirgin kayan da suka fi ƙarfinsa, ya fashe a kan duwatsu. Aka ce akwai diyya. Na hau tudu zuwa ofis, gwiwa tana ƙara.

Akawun ya dube ni ta saman tabarau. "Tsoho, kai ne mai jirgin?"

"Ni ne."

"Ba sunanka a nan. Mai sunan ya zo."

"Ai ku kuka kai shi yaƙi."

"To, in ya dawo ya zo. Na gaba!"

Rubutuna yana cikin aljihu, ban fito da shi ba. Tun tawayen da Musulmi suka yi a garin nan, wanda aka gani da baƙin Larabci sai ya kwana a ɗaure. Na yi ta hawa tudun nan har na san kowane dutse. Yau akawu yana biki, gobe hatimi ya ɓata, jibi sai an tambayi babban birni. Na yi ta istigfari saboda abin da zuciyata take faɗi.

Da yaƙi ya ƙare yaron ya dawo da hannu ɗaya. Shi ma sai da suka gajiyar da shi, sannan suka yi wa jirgin kuɗin itacen girki.

Ya same ni a ƙofa bayan la'asar, ya durƙusa ya ajiye ƙullin kuɗin.

"Baba, ga jirginka. Ya ɗan rame."

"Kai ma ai ba ka dawo da ƙiba ba."

Ya yi dariya, sai kuma ya kau da kai. Ko kuɗin takardun da ya biya bai cire ba. Na duba, ba za su kai ni Ikko ba, kuma ɗan abin da na tara na riga na cinye shi a jira.

Na ce, "Ka fita haƙƙina, ɗana. Babu komai tsakaninmu duniya da lahira."

Da safe na gangara kasuwa na sayi farin ƙyalle na likkafani, na ba matarsa ta ajiye mini.