Rijiyar Gidan Surukai

Lokacin da maigidana ya samu aikin tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, ƙasar ma Dahomey ake ce mata. Yana ɗaukar kaya a tashar jirgin ƙasa ta Parakou, ya bi ta Djougou ya yi arewa, ya komo. Ƙauyenmu ya kauce wa hanyarsa, dole mu tashi. Shi ko wanne gari muka zauna cikin biyun daidai ne, tunda motar na ratsa duka. Ni ce zan kwana in tashi da yara yana bisa hanya. Su biyu gare ni a lokacin, jaririya a goye, da babban, namiji, wanda ya iya gudu bai iya jin "bari" ba.

Kowa ya ce Djougou. Can ne gidansu, gidan fataken goro tun kakanni, ɗakuna ba iyaka, ga uwarsa da muke ce wa Inna, ga yayansa da ke riƙe da gidan. Wace mai hankali za ta bar dangi ta shiga cikin baƙi? Ni ma haka na ɗauka. Muka je muka sauka, aka share mana ɗaki, aka yi mana tuwo da miyar kuka har da nama.

Da gari ya waye na ga rijiyar. A tsakar gida take, bakinta daidai da ƙasa, an gitta mata itace biyu da igiyar guga ta cinye. Kewayenta kullum a jiƙe, don nan ake wanke goro, a yayyafa wa ganyen da ake naɗe shi ruwa. Na tsaya ina kallonta, na dubi yaron.

A wurinmu mace ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta rarrashinsa gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. A gidan surukai kuwa abin ya fi tsanani. Yaron na Inna ne, ita za ta kula da shi. Inna na sonsa, ba na musu, amma idonta ya yi rauni, kuma yini take tana tsince goron da ya fara lalacewa. Mata cike da gida, kowace tana ganin ai wata na duba shi. Ni kaɗai nake dubansa, da wutsiyar ido, kamar ɓarauniya.

Wata hantsi ina tankaɗe gari, sai wani jan goro ya suɓuce daga hannun Inna ya gangara. Yaron ya bi shi yana dariya. Na dubi matar Yaya, tana can tana ba wata labari. Na dubi Inna, kanta a sunkuye. Ban san lokacin da na yar da rariya ba. Da goyo a bayana na ruga, santsi ya kwashe ni na durƙusa, na cafko bayan rigarsa, yatsun ƙafarsa na kan itacen nan.

Sai dariya ta ɓarke a gidan.

"Oh ni! Amaryar ƙauye ta zubar da gari ta zubar da kunya!" in ji matar Yaya, tana tafa hannu.

Wata ta ce, "Ki sa masa nono mana, mu ƙarasa gani."

Ba mugunta suke yi ba, haka aka yi musu su ma. Na yi murmushin dole, gwiwata na jini. Da maigidana ya dawo na roƙe shi ya yi wa Yaya maganar a ɗaga bakin rijiyar. Yaya ya ce kakansu ya haƙa ta haka, duk a gefenta suka yi rarrafe, wa ya faɗa? Magana ta mutu.

Bayan 'yan kwanaki jaririyar ta kama tari, maigidana ya ɗauke mu a gaban kamiyo zuwa asibitin Parakou. Muka sauka a Banikanni, a ɗakin da wani abokin aikinsa ya tashi ya bari. Lokacin unguwar bakin gari ce, gonakin doya na leƙo bayan gidaje.

Tun ina yarinya uwata takan ce in kana son sanin mutanen unguwa, je ɗibar wuta. Ina da alimeti, ashana ke nan, ƙulle a bakin zane, amma na ɗauki tsingaro, na ja hannun yaron muka fita. Gidan farko matar ta zuba mini garwashi ba ta ko ɗago ba. Na kashe shi a bayan katanga na shiga na gaba.

Mata ne a gindin mangwaro suna dakan sakwara. Abin da idona ya fara nema rijiya, na same ta an gina mata baki ya kai ƙugu, an kifa mata murfin ganga, an danne da dutse. Ina cikin gaisuwa yaron ya zame ya nufi ƙofa. Wata dattijuwa Badandiya, Hausarta tsinta-tsinta, ta miƙa taɓarya ta tare hanyar, ba ta ko katse zancenta ba. Sai ga wata ta fito da kwando a ka za ta kasuwa. Ta tsaya gaban dattijuwar ta ce, "Iya, na bar miki biyu."

"Na karɓa," in ji ta.

Na tambayi uwar gidan, wata Bahaushiya mai sayar da atamfa, me ke nan. Ta ce, "'Yata, nan ba mai dangi. Mazanmu na mota ko na jirgi. In za ki fita sai ki damƙa yaro hannun mutum guda, ta amsa da bakinta. Wadda ta ce ta karɓa, ko tukunyarta na ƙonewa ba ta ɗauke ido." Ta dubi yaron ta dube ni. "Na fari ne ko? Ɗauki abinki, ba surukarki a nan."

Da la'asar na kai wa maigidana abinci, na zauna, abin da ban saba ba.

"Malam, nan nake so mu zauna."

Ya ajiye loma. "Ke, lafiyarki? Ɗaki guda cikin baƙi, ga gidanmu can? Me zan ce wa Yaya?"

Ban taɓa yi masa maganar yaron kai tsaye ba sai ranar. Na ce, "Can in na kama shi a yi mini dariya, in na ƙyale shi rijiya ta kama shi. Kai kana hanya. Zo ka ga rijiyar maƙwabtan nan."

Ya tashi ya je, ya ɗaga murfin gangar ya mayar. Ya ce shi dai ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa Inna ba. Na ce ni zan faɗa.

Da muka koma Djougou na same ta kan tabarmarta, na durƙusa na faɗi duk abin da na gani, kaina a ƙasa. Ta yi ta juya goro a hannu. Can ta ce, "Mara kunya." Sai ta ƙara da cewa, "Rannan ban gan shi ba sam, ƙarar faɗuwarki kawai na ji." Ta sa aka kira Yaya, ta ce masa ƙaninsa zai zauna kusa da tasha saboda lodin safe, kuma ita ta ce. Yaya ya buɗe baki, ta ce, "Na gama." Ranar tafiya matar Yaya ta cusa mini ƙullin daddawa tana cewa in je can in yi ta goya ƙato.

Ba mu daɗe da tarewa ba ranar komawa asibiti da jaririyar ta zo. Na kai yaron gaban dattijuwar nan, muryata ƙasa-ƙasa na ce, "Iya, na bar miki ɗaya." Ta ce ta karɓa. Duk tsawon layin likita ban zauna ba, na dawo kusan da gudu. Na tarar da shi zaune kan cinyarta, fuska duk manja, yana cin doya.

"Sau nawa ya gudu, Iya?"

Ta yi tsaki. "Wannan ɗan akuya ne kika haifa. Gobe ma kawo shi."