Sunan da ke Ƙasan Allo

Gwaggona Kezia Dent ta yi shekara talatin da ɗaya tana goyon ƙato. A ƙauyenmu na masunta, can arewacin Ingila, mace ce ke goya mijinta ta kutsa teku da shi har bakin kwalekwale, don kada ya yini da jiƙaƙƙen wando sanyi ya kama shi. Ita kuwa sai ka ce da ƙarfe aka ƙera ta.

Ranar da wani jirgin ruwa mai dakon gawayi ya daki dutse da hantsi, masu ceto maza bakwai ne, matansu biyar kawai ke kusa. Kezia ta kai mijinta Septimus, ta dawo ta goya wasu biyu, ruwa har ƙirji, igiyar ruwa na kifar da ita tana tashi. An ceto mutum goma sha ɗaya. Daga ranar ƙafarta ta hagu ba ta ƙara miƙewa ba.

Sai Fasto Ridley ya sa aka kafa allo a coci da sunayen mazan bakwai, a samansu wata tsohuwar kalma, derring-do. Ya tsaya yana yi mana bayani, wai tun zamanin masu sulke take, asalin ma'anarta mutum ya yi ƙarfin halin aikatawa. Na ce, "Fasto, waɗanda suka goya su fa?" Ya ce, "Haba 'yata, wannan ai aikin gida ne." Aikin gida! Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Kezia ba ta iya karatu ba. Ta tambayi Septimus, "Kai tsoho, ina nawa sunan?" Ragon banza, maimakon ya je ya tayar wa fasto da hankali, sai ya nuna mata wani ɗan rubutu a ƙasa. "Ga ki nan, sarauniyar mita." Sunan kafintan da ya yi allon ne.

Shekara ashirin, duk Lahadi sai ta ja ƙafa ta shafa wurin kafin ta zauna. Wata rana ta kamo hannuna. "Effie, ke da kika yi makaranta, karanta mini in ji."

Septimus ya sunkuyar da kai. Na dubi allon, na dubi ƙafarta.

"Kezia Dent, Gwaggo," na ce.

Ta yi murmushi. "Sun dai ƙanƙanta shi, amma ba komai."

Ban yafe wa fasto ba, ban yafe wa Septimus ba. Ni ma ban yafe wa kaina ba.