Azahar a Gindin Jan Dutse

A duk faɗin duniyar Musulmi babu wanda ya kai ɗan Makka jahiltar alƙibla. Na faɗi haka da nauyin bakin wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane tarihi. Bakano ya san gabas tun kafin ya san hannunsa na dama. Mutumin Sham ya san kudu. Mu da aka haifa a unguwar Misfala ta Makka ɗaga kai kawai muke yi: inda dogon benen agogo ya tsaya, can ne Harami. Wanda ya tashi a bakin rijiya ba ya koyon neman ruwa.

Mahaifinmu jikan alhazan da suka zo a ƙasa ne daga Kano, suka sauke farali, suka sauke kaya. Tun da na yi wayo ƙafarsa ke kai shi Harami kowace salla, ba rakiya. Da aka rushe lungunan da ya sani aka kafa otal-otal, ya yi ta mita, kuma agogon ya fi tsana: wai an ɗora wa gari hular da ta fi kansa. Amma a ƙarshe agogon ne ya zama masa ɗan jagora.

Bara abin ya fara. Wata la'asar mai shayin bakin layinmu ya rako shi gida. Ya tsince shi a wani titi yana cigiyar gidan da aka rushe tun muna yara. Wata rana kuma ya kira yayana da sunan baffanmu da ya rasu. Likita ya ce a sa ido. Yaya direban motar alhazai ne, ba ya son magana mai lanƙwasa. A wajensa sa ido na nufin a karɓe makullin gida daga hannun Baba, ya riƙa salla a masallacin unguwa da rakiya. Na ce wanda ya hana Baba wannan tattakin ya gama da shi, saura likkafani.

Yaya ne ya kawo shawarar mu je arewa, wani gandu da hukuma ta keɓe a cikin hamada. A gaban Baba ya ce canjin iska ne. A bayan idonsa ya ce da ni, "Muna tare da shi tafiya da dawowa. In ya rikice, halas, shi ke nan, makulli ya zo hannuna. In bai rikice ba na yi shiru."

Na daɗe ina shirya jarrabawa. Ina gane ta ko an naɗa mata rawani.

A hanya na zama irin malamin da nake tsawata wa, mai raɗa wa ɗalibi amsa. Yaya zai jefo tambaya kamar hira, "Baba, yau wace rana ce ma?" ni kuma in yi caraf in ce ai Alhamis zafinta daban ne. Da Baba ya sake tambayar inda za mu, bayan an riga an gaya masa, na yi dariya da ƙarfi don a ɗauka zolaya ce. Yaya ya dube ni ta madubi, bai yi dariya ba.

Mun isa washegari, rana ta kusa tsaka. Dutsen yana tsaye shi kaɗai a fili, ja kamar tukunyar da ta sha wuta, dogo har sai ka dafe hula. Jikinsa hawa-hawa ne kamar an linke bargo an jibga, ƙugunsa ya fi kansa siranta. Wani allo a gefen hanya ya ce da can yashi ne, ya daɗe a danne har ya zama dutse, yanzu kuma iska tana mayar da shi yashi ƙwaya-ƙwaya. Na karanta, ban ji daɗin abin da na karanta ba, ban kuma fassara wa kowa ba.

Sai azahar ta yi. Muka yi alwala da ruwan gora, muka tsaya cirko-cirko. Yaya ya ɗaga wayarsa sama, babu shabaka, wato sabis, kibiyar nuna alƙibla tana ta juyi kamar kazar da aka yanka.

"Ustaz, kai ne mai allo da alli. Ina alƙibla?"

"Tarihi nake koyarwa. Tambaye ni inda aka fara fuskanta kafin a juyo Ka'aba."

"Tayyib, madalla. Mu jira ka gama darasi la'asar ta same mu."

Na dubi rana, tana bisa kaina daidai, ba ta goyi bayan kowa ba. Kafin mu juyo Baba ya shimfiɗa sallayarsa, ya daidaita ta da ƙafa, ya fuskanci dutsen sak, ya tayar da iƙama.

Tsoho ɗan Makka, a tsakiyar jeji, ya sa dutse a gaba zai yi sujada: ko ni ne mai gyaran takardar ban ga inda zan ba da maki ba. Na ce, "Baba, ku dakata mu tabbatar."

"Ku daidaita sahu," ya ce, bai waiwayo ba.

Muka bi shi. Allah ya yafe mini, ban san surar da na karanta ba. Kunnena yana kan numfashin Yaya. Ga shi Baba bai yi ƙasaru ba, ya cika raka'a huɗu kamar mazaunin gida. Da aka sallame Yaya ya matso ya ce a hankali, "Huɗu ya yi."

"Matafiyi in ya cika, sallarsa ta yi. Jeka ka tambaya."

"Dutsen fa? Shi ma in tambaya?"

Yaya ya tashi ya yi gaba, hannu a baya, yana shuri da tsakuwa, na san jimlar da zai karɓi makulli da ita yake haɗawa. Can na ga ya tsaya ya sunkuya. Ya yafito ni.

Masallacin makiyaya ne, irin wanda ake zanawa a ƙasa da jeren duwatsu, ba bango ba rufi. Yashi ya cinye rabinsa, amma ɗan lanƙwason mihirabin yana nan, yana kallon jan dutsen sak, yadda sallayar Baba take kallonsa.

Yaya ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Mu biyu da waya, shi ko inda rana take bai duba ba." Ya goge fuska da gefen rawani. "Na yi shiru, Ustaz. Ya riƙe makullinsa."

Rabona da numfashi irin na wannan lokacin tun ranar da mai shayi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Har lacca na soma yi a kan yadda mutanen da suke jin alƙibla a jikinsu, Yaya ya ce in adana wa 'yan aji.

A bakin ƙofar gandun Yaya ya tsayar da mota ya shiga shago. Baba ya juya a kujerarsa yana kallon dutsen ta gilashin baya, ya daɗe. Sannan ya taɓa gwiwata.

"Kai da kake karanta jarida," ya ce, "yaushe suka cire masa agogon?"

Yaya yana cikin shago yana zaɓen ruwa mai sanyi.